Yara Dubu 200 da Suka Ajiye Fensir

Ranar Talata, 14 ga Afrilun 2015, aka raba takardun jarrabawar Turanci a makarantun gwamnati na jihar Niyok da ke Amurka. Yara kimanin miliyan ɗaya da dubu ɗari ya kamata su zauna mata, daga 'yan aji uku zuwa 'yan aji takwas, wato masu shekara 8 zuwa 14. A makon da ya biyo baya kuma aka yi ta lissafi. Da ma'aikatar ilimi ta jihar ta fitar da alƙaluma a watan Agusta, sai ga shi kashi 20 cikin ɗari ba su rubuta ba. Yara sama da dubu 200 ke nan.

Lafiyarsu ƙalau, da yawansu ma sun je makaranta a ranar. Abin da ya bambanta su da sauran shi ne wasiƙar da iyayensu suka aika wa shugaban makaranta, cewa ba su yarda ɗansu ko 'yarsu su taɓa takardar ba. A wasu makarantun an kwashe su zuwa ɗakin cin abinci ko laburare, kowa ya buɗe littafin da ya zo da shi. A wasu kuwa hukuma ta ƙi, aka bar yaro zaune a kujerarsa sama da sa'a guda, ba littafi ba magana, sai ido, har 'yan ajinsu su gama.

Ga wanda ya taɓa ganin uba ya sayar da tunkiya don ya biya wa ɗansa kuɗin WAEC ko JAMB, wannan labari zai yi kama da hauka. Wace uwa ce za ta hana ɗanta jarrabawa, ta kyauta ma? To amma jarrabawar ba irin tamu ba ce. Ba ta ba yaro takardar shaida, ba ta kai shi jami'a, kuma a mafi yawan garuruwan jihar ba ita ke sa ya wuce aji ba. Yaron ne ke rubutawa, amma makin na wasu ne. Da shi ake auna makarantar, da shi ake auna malamin, wani lokaci da shi ake yanke hukuncin rufe makaranta ɗungurungum. Ruwa dai ba ya tsami banza. Kafin a gane abin da ya tunzura iyayen nan, sai an koma baya shekara 170.

Boston, 1845

A da, yadda ake duba makarantun birnin Boston shi ne manyan gari su zo su zauna, malami ya tsayar da yara su yi ta zubo hadda da baki. Malamin ya san wanda zai nuna da wanda zai ɓoye a bayan aji. A lokacin Horace Mann ne sakataren hukumar ilimi ta jihar Massachusetts, kuma shi da manyan malaman birnin ba sa ga maciji. Yana zarginsu da dogaro ga bulala da haddar da ba fahimta a cikinta. A 1845 abokansa da ke kwamitin makarantu, ciki har da Samuel Gridley Howe, suka buga tambayoyi iri ɗaya a takarda, suka bi makarantu suna rabawa, kowane yaro ya rubuta amsa da hannunsa cikin ƙayyadadden lokaci. Sakamakon ya yi muni. Aka kuma wallafa shi makaranta-makaranta, kowa ya ga wadda ta zo ta ƙarshe. Tun daga nan yaro ake tambaya, amma malami ake nufi.

Ingila ta ɗara haka. A 1862 Robert Lowe, wanda ke riƙe da sha'anin ilimi a gwamnati, ya kawo tsarin biya gwargwadon sakamako: kuɗin da za a ba makaranta ya rataya ga zuwan yara da kuma yawan waɗanda suka ci gwajin karatu da rubutu da lissafi a gaban sufeto. Malamai suka gane inda tuwonsu yake. Suka yi watsi da abin da ba ya cikin gwajin, suka sa yara haddace littafin karatu har yaro kan iya zubo shafi ba tare da ya duba ba. Matthew Arnold, marubucin waƙoƙi wanda shi ma sufeton makarantu ne, ya yi ta sukar tsarin a rahotanninsa. Sai da aka haura shekara 30 kafin a janye shi a shekarun 1890.

Abin da ya rage shi ne a sami hanyar maki mai sauƙi, ita ma ta samu a ƙarni na 20. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya rundunar sojan Amurka ta yi wa kurata kimanin miliyan 1.7 gwajin basira, da yawa daga tambayoyin irin waɗanda ake jera wa mutum amsoshi ne ya canki ɗaya. A shekarun 1930 kamfanin IBM ya fito da na'urar da ke karanta zanen fensir a takarda ta ba da maki. Daga nan auna yara miliyan guda ya zama abu mai araha.

Doka mai kyakkyawar niyya

A Amurka ilimi hurumin jihohi ne da gundumomi, kuma babban kaso na kuɗin makaranta daga harajin gidajen yankin yake fitowa. Shi ya sa makarantar unguwar masu kuɗi ke da komai, ta talakawa ke fama. A 1965 Shugaba Lyndon Johnson, wanda ya taɓa koyar da 'ya'yan talakawa 'yan asalin Meziko a garin Cotulla na jihar Teksas, ya sa hannu a dokar da ta fara tura kuɗin tarayya masu yawa zuwa makarantun marasa galihu. Mai ba da kuɗi kuwa dole wata rana ya tambayi inda suka shiga. A 1983 wani rahoto da gwamnatin Reagan ta fitar ya tayar da hankalin ƙasar da cewa makarantunta na taɓarɓarewa, jihohi suka shiga ƙirƙiro jarrabawowinsu. Teksas na cikin na gaba-gaba, kuma gwamnanta, George W. Bush, ya tafi fadar shugaban ƙasa da tsarin a aljihunsa.

Ranar 8 ga Janairun 2002 ya sa hannu a dokar No Child Left Behind, ma'ana kada a bar yaro ko ɗaya a baya. Jam'iyyu biyun duk sun mara mata baya, har da Sanata Ted Kennedy. Dokar ta wajabta wa kowace jiha ta gwada kowane yaro a karatu da lissafi duk shekara daga aji uku zuwa takwas, da sau ɗaya a babbar sakandare. Ta ce a riƙa fitar da sakamako rukuni-rukuni: baƙaƙen fata, 'yan asalin Latin Amurka, 'ya'yan talakawa, masu buƙata ta musamman, masu koyon Turanci. Ta kuma ce zuwa 2014 dole kowane yaro a ƙasar ya kai mizani. Makarantar da ta yi ta gazawa shekara bayan shekara, ana iya sauya mata malamai, ko a miƙa ta ga wasu, ko a rufe ta.

Akwai wani saƙo a dokar da ya kamata mai karatu ya riƙe. An ce dole kashi 95 cikin ɗari na yaran makaranta, da na kowane rukuni, su zauna jarrabawar, in ba haka ba a lissafa makarantar cikin waɗanda suka gaza. Dalilin a fili yake. An san dabarar tun zamanin Boston: ranar gwaji sai a ce wa yaro mai rauni ya huta a gida, don kada ya ja makin makaranta ƙasa. An sa wannan ƙa'ida ne don a hana ɓoye ɗan talaka.

Tun kafin dokar an ga alamar abin da ke tafe. A watan Mayun 2001, a Scarsdale, wani garin masu hali a arewa da birnin Niyok, iyaye mata suka shirya motoci suka kwashe 'ya'yansu 'yan aji takwas daga makaranta a lokacin jarrabawar jiha, fiye da rabin yaran ba su rubuta ba. Kukansu shi ne shirin jarrabawa na cinye lokacin karatun gaske. Kwamishinan ilimi ya ja kunnen gundumar, maganar ta lafa.

Da ma'auni ya koma bulala

Zuwa 2011 kusan rabin makarantun gwamnati a Amurka sun shiga jerin waɗanda suka gaza, don mizanin 2014 abu ne da ba ƙasar da ta taɓa kaiwa. An zaci gwamnatin Obama za ta sassauta, sai ta ƙara ɗaure igiyar. A 2009, lokacin da karayar tattalin arziki ta bar jihohi ba kuɗi, ministan ilimi Arne Duncan ya ɗora dala biliyan 4.35 a kan tebur ya ce a yi gasa. Jihar da ke son kaso sai ta ɗauki sabon mizanin karatu mai tsauri, wanda a aikace shi ne manhajar bai-ɗaya ta Common Core, sannan ta sa makin yara cikin abin da ake auna malamai da shi. Niyok ta ci kusan dala miliyan 700 a 2010, ta ɗauki sharuɗɗan duka.

Tun a shekarun 1970 wani masanin zamantakewa, Donald Campbell, ya yi gargaɗin cewa duk alƙaluman da aka rataya wa yanke hukunci mai nauyi, za a fara murɗe su, su kuma su ɓata abin da aka ce su auna. Duk mai zuwa kasuwar hatsi ya san wannan: wanda cinsa ya dogara ga yawan mudun da ya auna, ba a daɗewa zai lotsa gindin mudun. A birnin Atlanta, binciken da jihar Jojiya ta fitar a 2011 ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178 a makarantu 44 da hannu a maguɗi, wasu har zama suke yi a rukuni suna goge amsoshin yara suna gyarawa. Ranar 1 ga Afrilun 2015, makonni biyu kafin jarrabawar Niyok, kotu ta sami 11 daga cikinsu da laifi.

A Niyok abubuwa suka yi ta taruwa. A watan Fabrairun 2012 jaridun birnin suka wallafa sunayen malamai kimanin dubu 18, kowa da makinsa. Bayan wata biyu sai ga maganar abarba. Kamfanin Pearson, wanda jihar ta ba kwangilar dala miliyan 32 don tsara jarrabawa, ya sa wa 'yan aji takwas wata tatsuniya inda abarba mai magana ta ƙalubalanci zomo su yi tsere. Sauran dabbobi suka zaci tana da wata dabara, suka goya mata baya. Zomo ya ruga ya ci tseren, abarba ko motsi ba ta yi ba, dabbobin suka taru suka cinye ta. Sai aka tambayi yara dalilin da ya sa aka cinye ta, da kuma dabbar da ta fi faɗin magana mai hikima. Malamai kansu sun kasa yarda da amsa ɗaya. Marubucin da aka ɗauko labarin daga littafinsa, Daniel Pinkwater, ya ce shi da ma shirme ya rubuta don raha. Jihar ta soke tambayoyin, amma iyaye sun riga sun ga irin mudun da ake auna 'ya'yansu da shi.

A 2013 aka kawo sabuwar jarrabawa bisa manhajar Common Core, tun malamai da yawa ba su gama samun littattafanta ba. Yawan yaran da suka kai mizani a Turanci ya faɗo daga kashi 55 zuwa 31, a lissafi daga 65 zuwa 31. Kwana uku ake yi ana ta Turanci, kwana uku ta lissafi. Sakamako ba ya fitowa sai a watan Agusta, lokacin da yaro ya riga ya bar ajin, kuma galibin tambayoyin sirri ne, malami ba shi da ikon tattauna su da kowa. Uwa ta ga ɗanta yana kuka da daddare, yana cewa cikinsa na ciwo da safe, ta tambayi abin da jarrabawar za ta ƙara masa, ba amsa. A wannan shekara wata uwa a yankin Long Island, Jeanette Deutermann, ta buɗe zaure a Facebook inda iyaye ke koya wa juna yadda ake rubuta wasiƙar ƙin amincewa. Dubbai suka shiga.

Hukumomi kuma suka ƙara wa wutar fetur. A watan Oktoban 2013 iyaye suka yi wa kwamishinan ilimi John King ihu a wani taro a garin Poughkeepsie, sai ya dakatar da sauran tarukan da aka shirya. A watan Nuwamba Duncan ya ce wasu daga masu adawar iyaye mata ne farar fata na unguwannin bayan gari, waɗanda suka gano kwatsam cewa 'ya'yansu ba su kai hazaƙar da suke zato ba. Daga baya ya amsa cewa bai iya zaɓen kalmomi ba, amma magana zarar bunu ce. A 2014 kimanin kashi 5 na yaran jihar suka ƙi rubutawa.

Sai Gwamna Andrew Cuomo ya zo da tasa a Janairun 2015. Tambayarsa ba ta banza ba ce: ta yaya kusan duk malaman jihar ke samun shaidar ƙwarewa alhali yawancin yara ba su kai mizani ba? Maganinsa shi ne rabin makin malami ya fito daga jarrabawar jiha. Majalisa ta amince da mafi yawan abin da ya nema. Shugabar ƙungiyar malaman jihar, Karen Magee, ta fito fili ta ce wa iyaye su janye 'ya'yansu. Lissafin mai sauƙi ne: in babu isassun makin yara, babu abin da za a auna malami da shi. Ƙa'idar kashi 95 da aka kafa don tsare ɗan talaka ta zama sandar da iyaye suka ɗauka. Ɗaruruwan gundumomi suka faɗo ƙasa da wannan adadi a lokaci guda, kuma ba wadda aka yanke wa ko sisi.

Su wa suka ƙi, su wa suka zauna

A nan labarin ke da ƙaya. A Long Island kusan rabin yara ba su rubuta ba. A cikin birnin Niyok, inda mafi yawan ɗalibai baƙaƙe ne da 'yan asalin Latin Amurka da 'ya'yan baƙin haure, waɗanda suka ƙi ba su kai kashi 2 ba. Alƙaluman jihar sun nuna cewa masu ƙin sun fi yawa cikin farar fata, kuma daga gundumomin da ba sa cikin masu tsananin talauci. A birni, a wancan lokacin makin aji huɗu da na aji bakwai na cikin abin da wasu zaɓaɓɓun makarantu ke dubawa wajen ɗaukar ɗalibai, don haka uwar da ke neman wa ɗanta mafita daga makarantar unguwa ba ta da sukunin yin tawaye.

Ranar 5 ga Mayun 2015 ƙungiyoyin kare haƙƙi 12, ciki har da NAACP da National Urban League, suka fitar da sanarwar adawa da janye yara. Hujjarsu daga tarihi ta fito. Shekaru da dama makarantu sun yi ta yaye baƙaƙen yara da nakasassu da ba su iya karatu ba, ba wanda ya iya tabbatarwa saboda ba alƙaluma. Sun yi gwagwarmaya kafin a fara ƙidaya 'ya'yansu. Yanzu ga waɗanda makarantunsu ba su taɓa buƙatar mai sa ido ba suna neman fasa ma'aunin kowa.

Wasu baƙaƙen malamai ba su yarda da wannan ba. Jesse Hagopian, malamin tarihi a makarantar Garfield ta birnin Seattle, inda malamai suka ƙi ba da wata jarrabawar gunduma a Janairun 2013, na cikin masu cewa an daɗe da sanin gibin da ke tsakanin yara, abin da ba a gani ba shi ne kuɗin cike shi. A cewarsu makarantun talakawa ne suka fi rage zane da kiɗa da tarihi don atisayen jarrabawa, kuma su aka fi rufewa. A zamanin magajin gari Michael Bloomberg kaɗai an rufe makarantu sama da 100 a birnin Niyok saboda rashin ƙoƙari. Kowane ɓangare ɗan talaka yake cewa yana karewa, kuma kowanne na da shaidarsa.

Abin da aka samu

Cikin wata takwas abubuwa suka sauya. A Yulin 2015 jihar ta ba wani kamfani, Questar, kwangilar da ke hannun Pearson. A Oktoba wani bincike na ƙungiyar manyan gundumomin ilimi na birane ya nuna cewa ɗalibi kan zauna jarrabawar dole kimanin 112 daga rabin aji zuwa gama sakandare, gwamnatin Obama kuma ta amsa cewa abin ya wuce gona da iri, kuma da hannunta a ciki. Ranar 10 ga Disamba Obama ya sa hannu a sabuwar doka da ta maye gurbin ta 2002, wadda ta hana gwamnatin tarayya tilasta wa jihohi yadda za su auna malamai. A makon da ya biyo baya hukumar ƙoli ta ilimi a Niyok ta dakatar da amfani da makin jarrabawar jiha wajen hukunta malamai na tsawon shekara huɗu.

A 2016 aka rage tambayoyi, aka cire ƙayyade lokaci. Sabuwar shugabar hukumar, Betty Rosa, ta ce da ita uwa ce kawai ba mamba ba, da ta janye 'ya'yanta. A watan Mayun shekarar wata malamar aji huɗu, Sheri Lederman, wadda makinta ya faɗo daga 14 zuwa 1 cikin 20 a shekara guda alhali ɗalibanta na ƙoƙari kamar da, ta yi nasara a kotu, alƙali ya ce makin ba shi da tushe. A 2018 kwanakin jarrabawa suka koma biyu-biyu. A 2019 majalisar jihar ta cire wajabcin sa makin cikin ma'aunin malamai.

Jarrabawar kanta ba ta mutu ba. Dokar 2015 ta bar gwajin shekara-shekara da fitar da sakamako rukuni-rukuni, ta bar ƙa'idar kashi 95, sai dai ta ce kowace jiha ta yanke abin da za ta yi wa makarantar da ba ta cika ba. Masu ƙi a Niyok sun kai kashi 21 a 2016, suka sauko zuwa 16 a 2019. Tun da aka fara aiki da dokar Bush, shekarar da aka yafe wa duk jihohi jarrabawar ita ce 2020, kuma annobar korona ce ta jawo. A watan Nuwamban 2024 masu zaɓe a Massachusetts, jihar Horace Mann, suka kaɗa ƙuri'ar cire cin jarrabawar jiha daga sharuɗɗan samun takardar gama sakandare, amma yara na ci gaba da rubuta ta.

Iyayen Long Island sun sami mafi yawan abin da suka nema, ƙungiyoyin kare haƙƙi kuma sun tsira da alƙalumansu. An ajiye bulalar, an bar mudun. Duk bazara har yanzu ana raba takardun, ko a kunna kwamfutocin, sakamako ya fito ya nuna gibin da ya nuna bara tsakanin makarantar Scarsdale da ta unguwannin talakawa na Bronx, waɗanda tafiyar da ke tsakaninsu a mota ba ta kai awa guda ba.